Isa, Isah Ko Issa? Yadda Kwamfuta Ke Karanta Sunanka

Kafin ka ci gaba da karanta wannan, ɗan tashi ka ɗauko takardunka. Ɗauko takardar NIN, da satifiket ɗin firamare, da sakamakon WAEC ko NECO, sannan ka buɗe manhajar bankinka ka duba sunan da ke kai. Jera su ka karanta a hankali, harafi bayan harafi, ba irin karatun da muke wa saƙon guruf ba. Idan duk sun zo iri ɗaya, ka gode wa Allah, kana cikin 'yan gata. Da yawanmu a wuri ɗaya Muhammad ne, a wani Mohammed, a na uku Muhammed, hedimasta kuma ya ga abin ya yi tsawo ya sa Moh'd. 'Yar'uwa, ke ma duba naki: A'isha, Aisha, Aishat, Aishatu. A gida mutum ɗaya ne, da kowanne aka kira shi zai amsa. Kwamfuta kuwa mutum huɗu take gani.

Mu mutanen gabashin Sakkwato abin ya fi yi mana yawa, domin Bahaushe ba shi da sunan dangi irin na Bature. Fom ya tambaye ka sunan iyali, sai ka sa sunan baba, ko na kaka, ko na gari. Haka manyanmu suka yi: Shehu Shagari, Aminu Waziri Tambuwal, Attahiru Bafarawa, wanda garinsa Bafarawa yana cikin ƙaramar hukumar Isa. To yanzu ɗan Sabon Birni ya zo zai sa sunan garinsa a akwati ɗaya. Mai shagon kafe na farko ya rubuta Sabon Birni. Na biyu ya haɗe, Sabonbirni. Na uku ya sa ɗan layi a tsakiya, Sabon-Birni. Magatakardan makaranta kuma da gajartawa ya saba, S/Birni. Ɗan Isa ma bai tsira ba, don sunan garinsa sunan mutum ne. Yaro ana kiransa Isa, babansa Muhammadu, garinsu Isa. Wani ma'aikaci ya ga Isa sau biyu ya ɗauka kuskure ne ya goge ɗaya, wani kuma ya ƙara wa na farkon h don ya bambanta su.

Ranar da aka ce wa yaron nan bayanansa ba su yi daidai ba, tsohonsa zai tsaya a bakin taga yana cewa, "Ai shi na, ɗana na!" Gaskiya ya faɗa. Amma na'urar da ke bayan tagar ba ta san ɗansa ba, kuma ya kamata ka san abin da take dubawa.

Abin da na'ura ke gani

Akwai wani harshen rubuta manhaja da ake kira C. Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro shi a Bell Labs da ke Amurka wajen 1972. Masu harkar suna cewa harshe ne na ƙasa-ƙasa, wato yana kusa da ƙarfen na'urar, ba ya ɓoye maka abin da ke faruwa a ciki. Ya tsufa amma bai yi ritaya ba. Zuciyar Linux, wadda wayarka ta Android ke zaune a kanta, kusan duk da C aka rubuta ta. Babban injin da ke tafiyar da Python, harshen da matasa ke rububin koya yanzu, shi ma da C aka gina shi. Bankuna da hukumomi suna rubuta manhajojinsu da harsuna iri-iri, amma in ka yi ta tono har ƙasa, kwatanta suna da suna yana komawa ga abin da C ke nuna maka a fili.

A C babu wani abu wai shi suna ko kalma. Akwai jerin lambobi kawai. Kowane harafi yana da lambarsa a wani jadawali da Amurkawa suka fitar a 1963 mai suna ASCII, mai gurbi 128. Babban I lambarsa 73, ƙaramin s 115, ƙaramin a 97. Saboda haka Isa a cikin na'ura shi ne 73, 115, 97, sai kuma sifili a ƙarshe, wanda shi ne alamar cewa rubutu ya ƙare. Isah kuwa 73, 115, 97, 104, sannan sifili.

Ɗan aikin da ke kwatanta rubutu biyu sunansa strcmp. Aikinsa ba shi da wani sirri. Ya ɗauki lambar farko ta nan da ta farko ta can. In sun yi daidai ya matsa gaba. Da ya ci karo da bambanci sai ya tsaya cak, ba ya ko leƙa sauran. Ka ba shi Isa da Isah: na farko daidai, na biyu daidai, na uku daidai, a na huɗu ya ga sifili a nan, 104 a can. Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Ka ba shi Muhammad da Mohammed, a harafi na biyu zai tsaya, don u 117 ne, o kuma 111. Sabon Birni da Sabon-Birni za su yi tafiya tare har gurbi na shida, inda ɗaya ke da fili ɗaya ke da layi. Eh, filin da kake bari tsakanin kalmomi shi ma harafi ne a wurinta, lambarsa 32, layin kuma 45.

Amsar da strcmp ke bayarwa iri uku ce: sifili idan rubutun biyu daidai suke, lamba ƙasa da sifili idan na farkon ne zai riga zuwa a jeri, lamba sama da sifili idan na biyun ne. Wannan sifilin yana kayar da sababbin ɗalibai, domin a C sifili yana nufin "a'a" a sauran wurare, nan kuma yana nufin babu bambanci. Tarko na biyu shi ne alamar == da ake kwatanta lambobi da ita. In ka sa ta tsakanin rubutu biyu, ba abin da ke ciki za ta duba ba, inda aka ajiye su za ta duba. Kamar buhu biyu na gero ne a kasuwar Sabon Birni. Alamar == tambaya take ko a rumfa ɗaya suke. Shi kuwa strcmp kwance bakin buhunan yake yana auna tiya da tiya.

Daga nan za ka gane abubuwa da dama da ke ba ka haushi. Babban A 65 ne, ƙaramin a 97, shi ya sa lambar sirrinka ke ƙin buɗewa in wayar ta mayar maka da harafin farko babba. Sannan akwai mugun nan da ido ba ya gani: ka taɓa kalmar da kibod ya ba ka shawara, ya sa maka ita ya ƙara fili a bayanta. A allo Isa kake gani. A ciki akwai 32 zaune bayan 97. Manhajar da aka rubuta da kula tana share irin wannan filin kafin ta kwatanta. Wadda aka rubuta da gaggawa sai ta ce ba kai ba ne.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Waɗanda suka tsara ASCII ba su yi da mu ba. A cikin gurbi 128 ɗin nan babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, duk da cewa tun shekarun 1930 suke cikin bokon Hausa. Sai da Unicode ya zo a 1991 da niyyar bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, sannan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da yawancin intanet ke ajiye rubutu da ita yau. A wannan tsarin harafin Turanci gurbi ɗaya yake ci, namu mai lanƙwasa biyu. Ƙaramin d 100 ne. Ƙaramin ɗ kuwa 201 ne da 151. Idan ka tambayi C tsawon Maradi zai ce shida, ka tambaye shi Maraɗi ya ce bakwai, alhali kai shida kake gani.

Kai ka san baki daban, baƙi daban, kuma ƙasa ba kasa ba ce. Amma a Facebook da WhatsApp rabinmu ba ma sa lanƙwasar, muna gane juna daga zancen. Na'ura ba ta da wannan basirar. Ɗanladi da Danladi tun a gurbin farko suke rabuwa. In ma aka jera sunaye da strcmp tsagwaronsa, Ɗanladi zai faɗa can ƙarshe bayan Zubairu, saboda babban Ɗ da 198 yake farawa, Z kuma 90 ne. Akwai wata ƙaramar ma'ajiyar bayanai mai suna SQLite da ke cikin kowace wayar Android, ita ma da C aka rubuta ta. Tana da hanyar da za ka ce mata kada ta damu da babba ko ƙaramin harafi, amma haruffa 26 na Turanci kaɗai wannan rangwamen ya shafa. Za ta yarda K da k ɗaya ne, ba za ta yarda Ƙ da ƙ ɗaya ne ba.

Sai alamar nan ta sama da ke cikin Sa'adu da Mu'azu da Asma'u. Iri biyu ce a kibod, miƙaƙƙiya mai lamba 39 da lanƙwasasshiya mai cin gurbi uku, kuma wayoyi da dama su suke zaɓar maka ba tare da sun tambaye ka ba. In kana da fasfo, duba layuka biyun nan na ƙasan shafin hotonka. Kowanne gurbi 44 ne, kuma ba a yarda da komai a ciki ba sai manyan haruffan Turanci da lambobi da alamar <. A can Sa'adu SAADU ne, fili da layi kuma duk < suke komawa.

Iyaka a tsakiyar suna

Ga wani abu da ɗan Kano ba zai cika damuwa da shi ba amma mu ya zame mana jiki. Ƙasar Gobir biyu aka raba ta. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, wadda kufanta ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, Gobirawa sun kafa Tsibiri, daga baya wani ɓangare ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka zauna shata iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sai Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, auratayya ba ta tsaya ba, amma makaranta ta zama iri biyu.

A Faransanci harafin u shi kaɗai ba ya ba da sautin da muke so, sai an rubuta ou. Harafin s guda ɗaya tsakanin wasula biyu kuma z ake karanta shi, don haka sai an ninka. Shi ya sa Isa ke zama Issa da ka tsallaka, Musa ya zama Moussa, Usman ya zama Ousmane, Abubakar ya zama Aboubacar. Garin da muke rubutawa Gidan Rumji, a allon bakin hanya Guidan Roumdji ne. Ko a rubutun Hausar ma mun rabu: mu muna rubuta 'ya'ya, su suna da harafi guda, ƴaƴa.

Wannan ya wuce abin ban dariya. Tun 2019 dubban mutane daga yankinmu sun tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. An haifi yara a can, wasu sun shiga makaranta a can, kuma magatakardan da ya yi karatun Faransanci yadda ya iya zai rubuta. Yarinyar da aka rubuta Aïchatou a takardar can za ta dawo gida a rubuta mata Aishatu. Ranar da za ta nemi jarrabawa ko asusun banki, waɗannan takardun biyu za su haɗu a gaban na'ura.

Kuma yanzu kusan kowace ƙofa da suna ake buɗe ta. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014. A Disambar 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN, a lokacin ministan sadarwa Isa Ali Pantami, wanda shi ma ka lura sunan unguwarsu a Gombe yake amsawa. Daga 2021 JAMB ta wajabta NIN: ka tura lambarka zuwa 55019, sunan da hukumar NIMC ke riƙe da shi shi zai biyo ka har jami'a. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe shafinsa a Mayun 2024 yana neman NIN da BVN da lambar JAMB. Duk inda biyu suka saɓa, aiki ya tsaya. Gyara kuma yana nufin takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci da cigiya a jarida, da kuɗin mota, da netwok mai ƙarfi. Ga wanda ke zaune a birnin Sakkwato wahalar yini guda ce. Ga ɗan Gatawa ko Tozai ko Turba, tafiya ce a kan hanyar da kowa ya san halinta, wadda uwa ba ta samun barci sai ka kira ka ce ka sauka. A Satumbar 2021 ma sabis ɗin gaba ɗaya aka rufe a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. Harafin h guda ɗaya bai kai a ɗora wa mutum wannan ba.

To me ya hana a sassauta?

Tambayar da kowa ke yi ke nan, kuma an daɗe ana ƙoƙari. Akwai ɗan'uwan strcmp mai suna strcasecmp da ba ya kula da babba ko ƙarami. Akwai dabarar da wani masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Vladimir Levenshtein, ya kawo a 1965: a ƙirga gyara nawa ake buƙata kafin wannan kalma ta koma waccan. Daga Isa zuwa Isah gyara ɗaya ne. Sai ka ce to a yafe duk bambancin da bai wuce ɗaya ba. Madalla. Amma daga Hassan zuwa Hassana ma gyara ɗaya ne, haka Jamil da Jamila. Na farkon mutum ɗaya ne da aka rubuta iri biyu, na biyun kuwa wa da ƙanwa ne, kowa da asusunsa. Lissafi bai san bambancin ba. A nan ne nake ganin bankuna suna da hujja: manhajar da ta cika yafiya ita ce za ta buɗe wa wani kuɗinka.

Akwai kuma tsohuwar dabara mai suna Soundex, da Robert Russell ya yi wa rajista a Amurka a 1918, aka yi ta amfani da ita wajen tsara takardun ƙidayar jama'arsu. Tana riƙe harafin farko, ta watsar da wasula, ta mayar da sauran baƙaƙen lambobi bisa sautinsu. Gwada ta da namu ka ga abin mamaki: Muhammad da Mohammed da Mahamadou duk M530 suke bayarwa. Sai ka kawo Usman da Ousmane, ɗaya ya ba da U255, ɗaya O255, ta ce mutum biyu ne. Mamman kuwa M550 zai fito, don babu wanda ya gaya wa Russell cewa Mamman Muhammadu ne, balle ya san Garba da Buba da Habu duk Abubakar ne, ko Shehu shi ne Usman. Wannan ilmin ba ya cikin wani jadawali na Amurka, yana kan kakarka. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke neman abin da zai yi furojet a kai, ga aiki nan yana jira: jadawalin sunayen Hausa da laƙabobinsu da rubutunsu na Najeriya da na Nijar, wanda manhaja za ta duba ta ce wa ma'aikaci, waɗannan biyun ka kira mai su ka tambaye shi kafin ka kore shi.

Abin yana da ɗaya fuskar, kuma ita ta fi shafarka a soshiyal midiya. Can ido ya ce ɗaya ne na'ura ta ce biyu, sai ka wahala. Nan ma haka ne, amma ɗan damfara ke cin riba. A yawancin wayoyi babban I da ƙaramin l kamar tagwaye suke. Isa da lsa, ka iya bambanta su? Na farko da 73 ya fara, na biyu da 108. Tunda a wurin na'ura sunaye biyu ne, ba abin da zai hana wani ya buɗe shafi da na biyun, ya ɗora hoton abokinka, ya turo maka saƙo cewa yana asibiti a taimaka masa da dubu biyar. Haka ake yi da adireshin shafukan intanet: a sa sifili a gurbin O, ko a ɗauko harafin a na Rashanci wanda bai da maraba da namu a ido. Duk saƙon neman kuɗi ko na tallafi da ya zo maka da sunan wani da ka sani, kira shi ka ji muryarsa.

A ɓangaren takardu kuwa, tunda JAMB da layin waya da bashin karatu duk ga NIN suke komawa, mayar da abin da ke kanta ya zama ma'auninka, har da jerin wane suna ne farko wane ne ƙarshe. In kana da ƙane ko ƙanwa da za a yi wa rajista, bi su da kanka. Rubuta sunan a takarda da manyan haruffa ka miƙa, kada ka faɗa da baki a cikin hayaniya. Kafin mai kafe ya danna turawa, ce masa, "Malam, don Allah juyo min allon in gani." Zai ɗan ɓata rai don layi ya yi tsawo. Karanta duk da haka.

In kuma kana so ka gani da idonka, ba sai kana da laftof ba. Akwai manhajar Termux a Android da za ka iya sauke injin C a cikinta. Rubuta ɗan shiri mai layi biyar ko shida da zai buga amsar strcmp("Isa", "Isah"), sannan ka canza na biyun zuwa Issa, sannan Isa da fili a bayansa, sannan lsa mai ƙaramin l. A duk huɗun ba za ka ga sifili ba.